Kwana Huɗu A Kogin Biyebja, Inda Na Tarar Da Tsuntsayen Fadamarmu

Ina ɗan shekara 11 mahaifina ya dawo daga fadama da wani tsuntsu da ya faɗa raga, da ɗan zoben ƙarfe a ƙafarsa. Ƙauyenmu yana gabas da Haɗeja, inda ruwa kan malala ya kwanta wata da watanni bayan damina. Ranar nan maƙwabta suka taru a zaure, zobe yana yawo daga hannu zuwa hannu. Wani ya ce tsuntsun wani sarki ne ya kuɓuce. Wani ya ce a'a, aikin masu asiri ne. Malamin firamare ya duba, ya ce lambobi ne da rubutun boko, daga ƙasar Turawa ya fito. Baba ya jefa zoben cikin gwangwanin da yake ajiye ƙugiyoyinsa, magana ta wuce.

Ni kam ba ta wuce mini ba. Kowace shekara tsuntsayen nan sukan sauka bayan damina, su cika fadama, su yi ta kalen shinkafa a bayan masu girbi. Da zafi ya fara tsananta sai a wayi gari babu su. Na daɗe ina tambayar kaina inda suke zuwa. Sai da na yi shekara 20 ina ɗauke da tambayar kafin na sami amsarta, a wani kogi da ke arewa maso gabashin ƙasar Foland.

Karatu ne ya kai ni birnin Warso. A can ranar 1 ga Mayu hutun ma'aikata ce, ranar 3 ga wata kuma ta tunawa da kundin tsarin mulkinsu na 1791, saboda haka mutane sukan haɗe kwanakin su fice daga birni, wasu daji, wasu bakin ruwa. Wasu ɗalibai masu sha'awar kallon tsuntsaye suka shirya tafiyar kwana huɗu a kwale-kwale, suka yi mini tayi. Sunan kogin sai da aka maimaita mini sau uku: Biebrza suke rubutawa, a baki kuwa Biyebja ake ji. Na ja wani ɗan'uwa mutumin Damagaram, mai karatun likitan dabbobi. Ya ce, "Malam, ni fa ɗan tudu ne, ban taɓa shiga jirgin ruwa ba." Na ce masa, "Kwantar da hankalinka, ɗan'uwa. Ka zauna gaba, ka bar mini baya."

Jirgin ƙasa ya kai mu Biyalistok, daga nan mota ta sauke mu a Sztabin, wani ƙaramin gari a bakin kogin. Mu 12 ne, maza da mata, kwale-kwale shida, mutum bibbiyu. Kwale-kwalen nasu, wanda suke kira kayak, ya sha bamban da namu na katako da ake tsayawa a tura da gora. Na roba ne, siriri, mutum biyu sa ɗauke shi ba wuya. Zama ake yi a miƙe ƙafa, filafilin kuma baki biyu gare shi, a tsoma dama a tsoma hagu. Jagoranmu dattijo ne mai furfura, haifaffen wani ƙauye na kwarin, wanda ba ya ɗaga murya. Ya raba mana rigunan ceto da takardun izinin shiga gandun, sannan ya jero dokoki: ba ihu, ba kiɗa, ba kusantar sheƙa, ba kwana ko hura wuta sai inda aka keɓe, kuma duk abin da mutum ya shigo da shi ya fita da shararsa. A saman takardar akwai tambarin gandun, hoton wani tsuntsu mai tarin gashi a wuya. Na kalle shi sau ɗaya na cusa a aljihu.

Kalmar bazara takan ruɗi Bahaushe a Turai. Tamu ita ce lokacin da ƙasa ke tsagewa, rijiya ta ja baya, kowa ya zuba wa gabas ido. Tasu kuwa fitowa ce daga watannin sanyi. Ƙanƙarar da ta lulluɓe ƙasa takan narke, ruwan ya gangaro kwari, kogi ya cika ya batse ya bazu cikin ciyawa. Abin da Agusta da Satumba ke yi mana a Haɗeja, shi Maris da Afrilu ke yi musu. Tsawon Biyebja kimanin kilomita 160 ne kafin ya zuba cikin kogin Narew kusa da garin Wizna, amma kwarinsa a shimfiɗe yake, ba gangare sosai, shi ya sa ruwa ba ya gaggawar wucewa. A 1993 gwamnati ta mai da kwarin gandun daji na ƙasa, mai faɗin murabba'in kilomita 592, mafi girma a duk Foland. A 1995 kuma aka sa shi cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar, jerin da tafkin Nguru da mashigar Marma suka shiga a shekarar 2000.

Ranar farko ta koyo ce. A nan sama kogin siriri ne, yana lanƙwasa kamar macijin da ya ji sanda. Hasumiyar cocin Sztabin sai mu gan ta a dama, jim kaɗan ta koma hagu, can kuma ta ɓullo a gabanmu alhali mun ba ta baya. Filafilina da na abokina suka yi ta karo, har muka gane cewa na gaba ne ke ba da kiɗa, na baya ya bi. Daga nan jirgi ya miƙe. Ruwan launin shayi ne saboda ruɓaɓɓiyar ciyawar da yake ratsawa, ga sanyi kamar ya yanke yatsa. Gefe da gefe wasu furanni ruwan ɗorawa sun rufe fadama iya ganin ido, ƙafafunsu cikin ruwa.

Baƙon da ya fara tarar mu shi ne farar shamuwa. Ta fi tamu girma, fara ce mai baƙaƙen fukafukai, da jan baki da jajayen ƙafafu. A ƙauyen Jagłowo, mai gidajen katako, kusan duk inda ka duba da sheƙa, wata a kan rufi, wata a kan turken lantarki da aka ɗora wa faranti musamman dominta. Wata ɗaliba ta ce a wurinsu zuwan shamuwa ne shaidar sanyi ya ƙare, kuma gidan da ta zaɓa ya yi sa'a, ba mai taɓa ta. Muka dubi juna ni da mutumin Damagaram. Ya ce mata haka tamu take, ita ke kawo albishir ɗin damina, a tsakiyar gari take sheƙa, yaro ba ya jifan ta. Jagora ya ƙara da cewa tasu ba ta son tsallaka teku, don da iska mai ɗumi da ke tasowa daga ƙasa take shawagi. Saboda haka takan zaga ta mashigar Istanbul, ta bi gabar Sham da Sina'i, ta gangara kwarin Nilu har Sudan da Chadi, wasu su zarce kudu.

Kashegari sanyin asuba ne ya tashe ni. A wannan lokaci na shekara rana kan fito wajen ƙarfe biyar, ba ta faɗuwa sai takwas na dare. Na yi alwala da ruwan kogi, hannuwana suna karkarwa, muka yi salla a bakin tanti. Hazo ya kwanta a kan ruwa, ba a ganin komai, amma kunne ya cika. Can nesa wasu manyan tsuntsaye, 'yan'uwan gauraka marasa tukku, suna rangaɗa kuka mace da namiji tare, kamar kakaki. Daga cikin dogayen ciyayi wata murya mai kauri tana fitowa kamar ana busa bakin tulu. Jagora ya ce wani irin zalɓe ne mai ɓuya, ana iya shekara ana jin sa ba a gan shi ba. A sama kuma sai na ji kamar kukan ɗan akuya. Na ɗaga kai ina nema. Dattijo ya yi murmushi ya nuna wani ɗan tsuntsu mai dogon baki da ke hawa sama yana sulalowa. Ya ce ba da baki yake yin wannan ƙara ba, gashin gefen jelarsa ne iska ke kaɗawa idan ya sulalo.

Muna cikin tuƙi, hantsi bai gama fitowa ba, sai jirgin gaba ya tsaya cak, jagora ya ɗaga filafili sama. Alamar shiru ke nan. Muka bar ruwa ya ja mu. A gefen wasu bishiyoyi masu farin ɓawo, wata dabba tana tsaye cikin ruwa har gwiwa, tana tsinkar tohon rassa. Ta fi doki tsayi, baƙa-baƙa, ƙafafu dogaye masu haske, da ɗan tozo a kafaɗa. Abokina ya raɗa mini, "Malam, jikin gwanki, leɓen raƙumi!" Sunanta a bakinsu wosh, ita ce mafi girma a dangin barewa masu ƙaho mai rassa. Wannan mace ce, ba ta da ƙaho, cikinta ya yi nauyi don a watan Mayu suke haihuwa. Ta ɗago kai, ta karkaɗa manyan kunnuwanta, ta dube mu tsawon lokaci, sannan ta juya ta ratsa taɓon da zai haɗiye mutum har ƙugu, ba tare da ta ko yi tuntuɓe ba. Likitan dabbobi ya bayyana mini cewa kofatonta buɗewa yake idan ta taka, shi ke hana ta nutsewa. Jagora ya ce bayan Yaƙin Duniya na Biyu saura ƙiris dabbar ta ƙare a yankin, 'yan kaɗan ne suka tsira a wani lungu da suke kira Jar Fadama, daga su aka sake yaɗuwa. Tun 2001 an dakatar da farautarta a Foland.

Da azahar muka iso Dębowo, inda wata tsohuwar hanyar ruwa da mutane suka haƙa take haɗuwa da kogin. Ita ce mashigar Augustów, wadda aka kammala a 1839 don jiragen kaya su kauce wa harajin da Farusiya ta ɗora musu. Tsawonta ya ɗan haura kilomita 100, da ƙofofin ɗaga jirgi 18, wasu yanzu suna cikin ƙasar Belarus. Daga nan kogin ya yi faɗi. Da la'asar muka fara ganin itatuwa a kwance, gindinsu a fiƙe kamar fensir. Aikin wata dabbar ruwa ce mai kama da ƙatuwar gafiya, mai faffaɗar jela, wadda suke kira bubur. Da haƙori take sare itace, ta ci ɓawon, ta gina gida da rassan. Dab da magariba muka ga kan ɗaya yana tsaga ruwa. Da ta ji motsinmu sai ta maka jelarta a kan ruwa, fau, ta nutse.

A Dolistowo muka kwana. Abincin yankin dankali ne, kuma sau da yawa da naman alade a ciki. Ban ce komai ba, amma sai na tarar dattijo ya riga ya ware mana tukunya daban: kifi, burodi, cuku da zuma. Da muka tashi salla, ya sa matasan suka rage murya. Bayan mun idar ya ce Musulmi ba baƙi ba ne a wannan lardi. Akwai 'yan ƙabilar Tatar da sarkin Foland ya ba filaye tun 1679, har yau masallatansu na katako suna nan a ƙauyukan Bohoniki da Kruszyniany. Muka zauna gefen wuta muna shan shayi, kwaɗi suna ta kiɗa. Na rufe ido, sai na ji kamar ina bakin fadama a watan Agusta.

Rana ta uku ita ce ranar da na zo dominta, ko da yake ban sani ba. Bayan Dolistowo gaɓa ta ɓace. Kogi da fadama suka zama abu guda, ruwa shimfiɗe har inda sama ta taɓo ƙasa, sai tsibiran ciyawa nan da can. Iska ta taso daga gabanmu, kowane tuƙi sai da ƙarfi. Jirgi ɗaya ya bar hanya ya kafe a cikin laka, 'yan mata biyu da ke ciki suka rasa gaba suka rasa baya. Ba wanda ya wuce. Jirage uku suka kewaye su, aka jefa igiya, muka ja tare har suka fito. Suka tambayi jagora yadda yake gane ainihin kogin a cikin wannan malala. Kafin ya amsa na ce a dubi ciyawar da ke ƙarƙashin ruwa, inda ta kwanta ta nuna, can ruwa ya nufa. Dattijo ya juyo ya dube ni, ya tambayi wanda ya koya mini. Na ce mahaifina. Ya ce shi ma.

Da iska ta lafa muka raɓa gefen wata makiyaya da ruwa ya fara janyewa daga kanta. A nan muka same su, ɗaruruwa. Na karɓi madubin hangen nesa na duba, na ga abin da ban taɓa gani ba. Mazan kowanne da tarin gashi kewaye da wuya da tukku biyu a ka: wani fari fat, wani baƙi wuluk, wani ja kamar ƙasar Kano, wani mai zane-zane. Da wuya ka ga biyu iri ɗaya. Sukan buɗe gashin, su yi tsalle, su fuskanci juna kamar 'yan dambe a fage, su sunkuya baki a ƙasa su daskare, sannan su sake zabura. Duk wannan ba kuka ba ƙara, sai fakafakan fukafukai. Shi ne tsuntsun da ke kan takardar da ke aljihuna. Suna kiran sa bataliyon.

Sai idona ya sauka kan matan, waɗanda ke yawo a tsakanin mazan suna kiwo. Ƙanana ne, launin ƙasa-ƙasa, bayansu kamar ɓawon kifi, ƙaramin kai, ɗan matsakaicin baki. Na san wannan tafiya. Na san yadda suke ɗan duƙawa suna tsince. Gabana ya faɗi. Na ce, "Ɗan'uwa, wallahi tsuntsayen fadamarmu ne!" Jagora ya matso da jirginsa ya tabbatar mini. Ya ce idan sanyi ya shigo sukan tsallaka teku da Sahara su sauka a kwarin kogin Sanagal, da malalar kogin Kwara a Mali, da yankin tafkin Chadi. A can mazan ba su da wannan ado, sai sun juyo arewa gashin yake fitowa. Ashe shekara da shekaru a kayan aiki nake ganin su. Kamar maƙwabcin da ka saba gani da ɗan tofi da lauje ne, ranar hawan salla ka hango shi bisa doki da alkyabba da rawani.

Tsakanin inda nake zaune da fadamar ƙauyenmu akwai fiye da kilomita 4,500. Kuma nan ma zango ne kawai, don mafi yawansu 'yan kwanaki za su yi su ƙara ƙiba, su wuce arewacin Turai da Rasha inda za su yi ƙwai. Da ido ya buɗe sai na fara gane sauran. Ga ƙaramar agwagwar nan mai farin zane a saman ido, wadda ke sauka dubbai a Nguru da Dagona. Ga ɗan tsuntsun nan mai rawayar ƙirji da kaɗa jela, wanda ke bin ƙafar shanun Fulani. Ga tsattsewa tana shawagi a kan ruwa. Na ba dattijo labarin zoben Baba. Ya ce wani malamin makaranta ɗan Denmark ne ya fara sa wa tsuntsaye zobe mai lamba a 1899, kuma da irin waɗannan zobba aka gano hanyoyin da suke bi. Ya roƙe ni in aiko da lambar idan zoben yana nan, don kowace lamba tana da rajista, da ranar da aka sa ta da wurin.

A Goniądz, gari mai tudu da ake hango kwarin gaba ɗaya daga kansa, muka yi hira mai nauyi da daddare. Na ɗauka mutanen kwarin ba su da damuwa. Dattijo ya girgiza kai. Ya ce tun ƙarni na 19 aka haƙa magudanai da suka tsotse tsakiyar kwarin. Ƙasar wurin ruɓaɓɓiyar ciyawa ce da ta danƙare shekaru dubbai. Muddin tana jiƙe tana riƙe ruwa kamar soso, idan ta bushe kuwa wuta take ci. A shekarun nan ƙanƙara ta ragu, malala ta ragu, har a watan Afrilun 2020 gobara ta cinye fiye da hekta 5,000 na gandun. Ni ma na ba shi namu. Na gaya masa yadda madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 suka shayar da Kano, suka raya noman rani a Kadawa, amma suka canza numfashin kogin Haɗeja. Da can ruwa kan zo da ƙarfi ya malala, sannan ya janye ƙasa ta bushe. Yanzu malalar ta ragu, wasu mashigai kuma ba sa bushewa, ciyawar kacala ta samu wurin zama ta toshe hanyoyin ruwa. Wani ƙauye ruwa ya ci gonarsa, wani kuma yana jiran ruwan bai zo ba. Ya yi shiru, sannan ya ce idan fadamarku ta mutu, bazararmu za ta zo ba kowa a cikinta.

Rana ta huɗu tuƙin gajere ne, zuwa Osowiec, inda hedikwatar gandun take, kusa da tsohuwar ganuwar sojan Rasha da Jamusawa suka yi wa ruwan iska mai guba a watan Agustan 1915. A nan muka fitar da jirage. Kogin ya ci gaba, kuma ɓangaren da ke gaba shi ne mafi yawan tsuntsaye, amma daga Osowiec zuwa Brzostowo ba a barin jirage sai da izini na musamman har ƙarshen Yuni, don masu kwanci su ƙyanƙyashe cikin natsuwa. Ba wanda ya yi gunaguni, ba wanda ya nemi a yi masa alfarma. Wannan ya zauna mini a rai.

Da yamma mota ta bi da mu ta wata tsohuwar hanya da suke kira Hanyar Sarkin Rasha, zuwa wata doguwar gadar katako da aka shimfiɗa cikin fadama. Muka tsaya shiru har rana ta yi ja. Sai wani ɗan tsuntsu mai zane a ka, nauyinsa kimanin giram 12, ya hau kan karan ciyawa ya fara waƙa. Yana cikin tsuntsayen Turai da ake tsoron ƙarewarsu, kuma kaso mai yawa na waɗanda suka rage a duniya a wannan kwari suke ƙwai. Masana sun daɗe suna neman inda yake yin hunturu, sai a 2007 aka same shi a dausayin Djoudj na Sanagal, daga baya kuma a Mali. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne dalilin da ya sa ya rayu a nan. Kaka da kakanni manoma ke shiga fadamar da lauje suna yankan ciyawa don shanunsu, yankan ne ya hana itatuwa mamaye ta. Da matasa suka koma birni aka daina yanka, sai kurmi ya fara rufe wurin, tsuntsu ya fara rasa gida. Yanzu da injuna ake yankan, har gasar yanka da lauje suke shiryawa don kada sana'ar ta ɓace. Ashe fadama ba ta rayuwa da korar mutanenta. Manomi da makiyayi da masunci suna cikin abin da ke riƙe ta, matuƙar kowa ya san iyakarsa da lokacinsa.

A tashar jirgin ƙasa ta Osowiec na kira gida. Na ce, "Baba, barka da dare. Na ga tsuntsayenmu."

Ya ce, "Waɗanne, ɗan nan?"

Na ce, "Masu kalen shinkafa. Ga su nan ɗaruruwa, har hotonsu gwamnati ta sa a tambari. Mutane daga ƙasashe suke zuwa kallon su."

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ikon Allah. Ashe baƙi ne muke ta kamawa." Na tambaye shi zoben, ya ce yana nan cikin gwangwani. Ya ƙara da cewa, "Bana ba su zo da yawa kamar da ba. Allah ya yi maka albarka, ka dawo lafiya."

Na yi ta juya maganarsa har Warso. Ni ma na ɗana tarko ina yaro, kuma na san ba mugunta ke sa talaka ya shimfiɗa raga ba, miya yake nema. Amma mu mutane ne da suka san haƙƙin baƙo, kuma wannan baƙo wata shida yake yi a hannunmu, fiye da yadda yake yi a ko'ina. Ruwan da yake buƙata shi ne ruwan da shinkafarmu da kifinmu da shanunmu suke buƙata. Duk abin da ya kore shi, mu zai fara ci.

Saboda haka ina kira ga hukumomin da ke riƙe da madatsun ruwa su riƙa sakin ruwa a kan lokacin da fadama take buƙata, tare da shawarar mutanen da ke zaune ƙasa da su. Ina kira ga sarakunan ruwa da masu unguwanni su haɗa kai a kan aikin gayya na buɗe mashigai da kacala ta toshe, su kuma keɓe wuraren da ba a shimfiɗa raga. Malamai su ɗauki ɗalibai su kai su fadamun Baturiya da Dagona a watan Disamba ko Janairu, su shiga kwale-kwale, su zauna shiru su kalla. Ba sai yaro ya yi tafiyar kilomita 4,500 kamar yadda na yi ba kafin ya san darajar abin da ke bayan gidansu. Mutanen Biyebja sun riƙe nasu rabin amanar. Ɗaya rabin yana hannunmu, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.